Kare a Ƙofar Ungozoma

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Allah Ya sauke ku Horo Birni lafiya, Ya sa ku shiga gidan a sa'a, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na masu tare ta.

Bayan haka, ina sanar da ke, ke kuma ki sanar da duk wanda abin ya shafa, cewa majalisar ƙoli ta gidan nan ta yi zama a kan tabarma bayan la'asar, ta kuma zartar cewa kwikwiyon nan Duna zai bi ki. Majalisar mutum biyu ce, ni da mahaifiyarki. Ni na kawo ƙudurin, na yi dogon jawabi a kan ɓarayin awaki da hatsarin zama a gidan bakin gari. Ita tana tsintar shinkafa har na kai ƙarshe, sannan ta ce, "In dai za shi bar gidan ga, ko ina kaka son kai shi na yarda." An ɗauki wannan a matsayin amincewa.

Na san kin zaci za ki buɗe takardar nan ki tarar da nasiha a kan haƙuri da zaman aure. Gwaggonninki sun riga sun yi wannan aikin, sun yi shi da yawa har ina jin kin tafi da guzurin da zai kai ki tsufa. Ni a kan kare zan yi magana, don shi ne fannin da na yi kurakuran da suka isa a koyar da su.

Ga abin da ya sa. Ke ungozoma ce, an tura ki asibitin ƙauye inda ba wanda ya san ki. Asibiti yana da lokacin tashi, gidanki ba zai samu wannan gatan ba. Mai cikin da ta ga abin da ya tsorata ta, tana kunyar faɗa a layi gaban mutane, gidanki za ta zo. Tsohuwar da naƙuda ta kama jikarta, gidanki za ta zo. Kin san mace ba ta tsayawa a ƙofa ta kwaɗa sallama kamar namiji, tana tafe ne tana yin ta ƙasa-ƙasa, ta ratsa zaure ta faɗa cikin gida. Idan ta sa ƙafa a zauren ta ci karo da kare yana haushi, za ta ja da baya. Ba za ta yi miki ƙorafi ba. Za ta koma gida a yi abin da aka saba yi kafin ki zo, gobe kuma ta ba da labari a bakin rijiya. Matan garin su saba da ƙofarki tun a watannin farko, wannan shi ne duk abin da nake so, kuma abin da zai iya ɓata shi ni na ɗora miki shi a mota da hannuna.

Ba ki san uban Duna na asali ba, wato kakan kakansa, sai dai a labari, don ya mutu kafin ki yi wayo. Na je Kajiji sayen raguna, Bafillacen da ya sayar mini ya haɗa mini da kwikwiyo ja mai farin wuya, ya ce in dai zan tara dabbobi a cikin gari to in tara da mai gadinsu. Na sa masa suna Magatakarda. Mahaifiyarki har ya mutu ba ta taɓa kiransa da wannan sunan ba, "karen Malam" take cewa, da irin muryar da ake cewa "ciwon Malam".

Kuskurena na farko wurin da na ajiye shi ne. Ragunan suna can ƙuryar gida, amma ni sai na ɗaure mai gadinsu a zaure, don a ganina ɓarawo mutum ne mai tsari, ta ƙofa zai shigo. A zauren akwai tagar da na sa magini ya fasa ƙasa-ƙasa don haske ya sauka a kan littafi idan ina zaune. A ƙarƙashinta kuma na tara buhunan albasa. Ban sani ba ashe mumbari na gina. Magatakarda ya hau buhu, ya ɗora ƙafafu biyu a taga, duk hanyar da ta nufi kasuwar Bodinga ta zama tasa.

Ki duba lissafin daga wajensa. Ɗan kabu-kabu ya taho, ya yi masa haushi, ɗan kabu-kabu ya wuce. Mai jaki ya taho, ya yi haushi, mai jaki ya wuce. 'Yan talla, masu zuwa masallaci, akuyar maƙwabta, kowa ya taho an yi masa haushi ya wuce. Shi bai san dama wucewa za su yi ba. A iya saninsa, kullum gari yana kawo wa gidan nan hari, kullum shi kaɗai yana korar su, bai taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya. Na koyar a aji shekaru masu yawa, ban taɓa ganin darasin da ake maimaita wa ɗalibi da wannan nacin ba.

Don haka da kun sauka, kafin ki jera kwanuka, ki zaga gidan ki durƙusa daidai tsayin kare ki duba abin da yake gani. Ƙasan ƙyaure idan bai kai ƙasa ba, hudar da ke jikin langa-langa, inda zana ta ɓarke, tagar da ke kallon hanya. Duk inda ido zai fita, ki toshe. Tsohuwar tabarma ta isa, ko buhu. Abin da bai gani ba, rabinsa ba zai yi wa haushi ba. Ni da na zo yin wannan binciken daga baya, mahaifiyarki ta fito ta same ni a rarrafe a zaure ina leƙen ƙasan ƙofa. Ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Malam, in kawo maka ruwa a kasko ko a kofi?" Ki yi naki binciken lokacin da maigidanki ya fita.

Mafi sauƙi ma, kada Duna ya san zaure. Wurinsa turke, kusa da awakin da aka kawo shi dominsu, inda ba ya ganin mai shiga da mai fita. Addini ma don dabbobi da gona ya ba mu izinin ajiye shi, bai ce mu naɗa shi mai karɓar baƙi ba.

Sai tsawa. Duk sanda Magatakarda ya fara haushi, ni ma daga inda nake zaune sai in fara: "Kai. Yi shiru. Na ce ka yi shiru." Yana ƙarawa ina ƙarawa. Na yi shekara ina wannan ina ganin horo nake yi, har wata safiya maƙwabcinmu Malam Buba mai albasa ya tare ni bayan mun fito masallaci.

Ya ce, "Malam, jiya na ji ku ku biyu."

Na ce, "Mu wa?"

Ya ce, "Kai da abokin aikinka. Ka hi shi murya, amma gaskiya ya hi ka naci."

Na yi dariyar da ake yi wa maƙwabci, na shiga gida ina jin haushinsa, amma abin da ya faɗa haka yake. Kare ba ya jin Hausa, ƙara yake ji. Ya ga baƙo ya ɗaga murya, sai ya ji maigida ma ya ɗaga tasa daga ciki, to me zai fahimta in ba cewa an zo taya shi ba? Ke kin gaji muryar dangin mahaifiyarki, wadda ake ji daga nan har tasha. Ki adana ta don ɗakin haihuwa. Idan Duna ya yi haushi, ki tashi ki je, ki duba abin da ya gani, ki ce masa kalma ɗaya a hankali, kullum ita ɗin dai, ki kira shi ya bar wurin. Tashin shi ne aikin. Ni duk dabarun da na ƙirƙiro a shekarun nan, na ƙirƙiro su ne don kada in tashi.

Cikinsu har da ƙanzo. Na gano cewa bakin da ke tauna ba ya haushi, na ɗauki wannan a matsayin babban bincike. Na ajiye kwanon ƙanzo kusa da kujerata, yana farawa sai in jefa masa. Shiru ya samu, na ɗan lokaci. Kafin wata ya ƙare Magatakarda ya gane tsarin albashin. Sai ya leƙa taga, ko babu kowa a hanya, ya yi haushi biyu, ya juyo ya dube ni. Mahaifiyarki ta ce a duk ma'aikatan ƙaramar hukuma shi kaɗai ake biya a kan lokaci. Ƙanzon ba laifi ba ne, lokacin bayarwar ne na kuskure. Ki ba Duna ƙanzon idan ya ga mutum ya yi shiru, ko idan kin kira shi ya bar ƙofa ya zo. Idan kika ba shi yana cikin haushi, haushin kika saya, kuma gobe zai kawo miki wani.

Sanda kuwa sau ɗaya na gwada ta, ranar da wani babba daga ofishin ilimi ya zo har gida, kare ya hana shi ƙarasa sallama, kunya ta kama ni. Na doke shi a gaban baƙon don baƙon ya ga ina da iko a gidana. Abin da kare ya koya a ranar shi ne duk sanda mai babbar riga ya tsaya a ƙofa, duka na tafe. Daga nan ya daina jira su iso, tun daga nesa yake fara kare kansa. Kada ki doki Duna a kan baƙo, kada ki bar kowa ya yi. Tsoro ne yake fitowa da yawancin haushin, duka kuma tsoron yake ƙarawa.

Wani abu da ban lura da shi ba sai da Magatakarda ya tsufa: ranar da ya bi mu gona ya wuni yana bin ɓeraye a kunya, idan muka dawo ko ganga aka buga a ƙofa sai dai ya ɗaga kunne ɗaya. Kare ne na makiyaya, an haife shi don ya wuni yana tafiya, ni kuma na ɗaure shi a ɗaki na ba shi taga. Duna jininsa ne. Idan maigidanki zai gona ko zai kai awaki kiwo, ya tafi da shi. Wanda ya gaji ba ya neman abin yi.

Yanzu sai in faɗa miki abin da ban sa a jawabina na majalisa ba. Duk wannan da na rubuta, na san yawancinsa tun a lokacin. Ina da wani ɗan littafi na kiwon dabbobi, yana nan har yanzu, an yi bayanin komai a ciki, har na ja layi a ƙarƙashin wasu wurare. Ban yi aiki da shi ba ne don haushin yana yi mini amfani. Kafin kare ya zo, zauren nan ba ya rabuwa da mutane. Mai son a rubuta masa takarda, mai son a duba sakamakon ɗansa, mai son hira kawai don ya ga fitila. Da Magatakarda ya kama aiki sai suka ragu, waɗanda suka nace kuma suka koma tare ni a masallaci, inda magana ba ta tsawo. Na karance littattafan da na shekara ina ɗagawa. Sunan da na ba shi ma ai ba a banza na zaɓa ba, manyan mutane ne ke da mai tace musu baƙi. Ina yi masa tsawa da baki, a zuciya ina sa masa albarka.

Ranar da aka tashi gyara, ba ni na tashi ba. Mahaifiyarki ce ta kwance shi daga zaure da hannunta, ita da ba ta taɓa yarda ko jelarsa ta shafi zanenta ba, ta kai shi gindin dogon yaron da ke kusa da turke, ta wanke hannu har gwiwa, ta dawo ta ce in ɗauko littafin nan mai jan layi in karanta mata abin da ya ce. Na karanta. Ya ce a samu wanda zai riƙa zuwa ƙofa kamar baƙo, ana maimaitawa, wani kuma yana tare da karen yana ba shi lada duk sanda ya zauna a wurinsa bai yi haushi ba.

Ta ce, "To hita ka yi sallama."

Na ce, "A gidana?"

Ta ce, "Ka san wani gida da ad da karen ga?"

Haka na riƙa fita bayan la'asar, in tsaya a ƙofar gidan da na gina, in yi sallama, in jira a amsa mini. Wani lokaci da babbar riga, wani lokaci in canja murya. Malam Buba ya fito da tabarmarsa musamman don kallo. Ran nan ya ce mini, "Malam, ko maigidan ba shi nan? Ka bar saƙo, in ya dawo in hwaɗa mishi." Daga baya shi ma aka sa shi a aikin, da matarsa, don kare ya saba da muryoyi daban-daban. Abin ya ɗauki lokaci, don mun bar shi ya tsufa da halin. Amma a ƙarshe ya zama idan ya ji sallama sai ya yi haushi ɗaya ko biyu, ya tafi gindin bishiyarsa ya kwanta yana jiran ƙanzo. Ba mu nemi ya zama bebe ba, ke ma kada ki nema. Karen da zai ga baƙo a turke da tsakar rana ya yi shiru ba shi da amfani. Ya sanar, ki ji, ki tashi, ya bar miki sauran.

Duna yaro ne, a wurinsa abin ba zai yi wuya ba. Ki roƙi matan maƙwabta biyu ko uku su riƙa shigowa da sallama kina tsaye kusa da shi. Za su yi miki dariya, su ce ma'aikaciyar asibiti tana koya wa kare gaisuwa. Ki bar su su yi. Wadda ta shigo gidanki don ta yi dariya ta riga ta san hanyar, ranar da take da bukata ba za ta tsaya tunani ba.

Za ki tambaya me ya sa mahaifiyarki ta tashi a ranar, bayan shekarun da ta yi tana kallo. An ba ki labarin rasuwar Inna, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta, amma ba a ba ki wannan gefen ba.

Da ciwo ya kwantar da ita a ɗakin da ke kusa da rijiya, damina ce. Tana da ƙawa tun suna 'yan mata, Goggo Altine ta Dandin Mahe, tare aka yi musu kitson farko, in ji su. Inna ba ta tambayar kowa sai ita. Kullum na shiga gaishe ta sai ta ce, "Altine ba ta zo ba?" In ce mata hanya ce ta lalace, ruwa ya yi yawa, in ya ɗauke za ta zo. Ni ma haka na ɗauka.

Ba mu ga Goggo Altine ba sai a zaman makoki. Da na shiga cikin gida gaida mata, na durƙusa a gabanta, ta amsa, ta yi mini gaisuwa yadda ake yi. Sannan ta ce, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin farashin gero:

"Na zo, ɗan Inna. Ranar kasuwa, bisa kabu-kabu, da ƙwan zabi na kawo mata. Karenka na cikin zaure, ban iya wucewa. Na tsaya na yi sallama har ukku."

Na ce, "Goggo, ba mu ji ba."

Ta ce, "Na sani. Na dai jiyo muryarka daga ciki kana yi ma kare magana."

Ta gyara mayafinta ta juya wajen wadda ke kusa da ita. Tsohuwa ce ta da, an koya mata in ka yi sallama uku ba a amsa ba sai ka koma, ba a yin ta huɗu. Mai babur ɗin ma yana jira, hadari ya taso. Ta hau ta koma da ƙwanta. Na tuna ranar. Ina zaune a ɗakin da ke jikin zaure, bango ɗaya ne tsakaninmu, na ji haushin ya fi na kullum tsawo, na yi tsawa daga kujera na ci gaba da shafin da nake.

Bayan an share makoki ne mahaifiyarki ta kwance igiyar.

To, Uwani, masu zuwa ƙofarki irin Goggo Altine ne, da jikokinsu. Ba za su yi ta huɗu ba, kuma abin da ya kawo su ba ya jira a yi zaman makoki kafin a ba da labari. Duk haushin da kika ji, ki ɗauka mutum ne a tsaye har sai kin je kin ga akuya ce. Idan kin yi duk abin da na lissafa, damina ta wuce Duna bai bar ƙofa ba, ki sa a ɗauro shi a babur a dawo mini da shi. Awaki ana sayen wasu. Majalisa za ta sake zama, ni zan san yadda zan yi da ɗaya ɓangaren.

Allah Ya tsare ki, Ya tsare maigidanki da abin da kuka mallaka. Allah Ya sa hannunki ya zama sanadin sauka lafiya ga duk wadda ta zo gare ki, Ya kare ku daga sharrin dare da na rana, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce kaskon kare daban, kada ya kusanci kwanukanki. Wassalam.

Mahaifinki.

Na daɗe ina cewa, da a ce Goggo Altine ta ɗan ɗaga murya, da an ji ta, har na faɗa a gaban mutane. Muryarta ba ta da laifi. Ni ne ban tashi ba.